Labarin Inna Mai Injin Niƙa

Sa'ad da Malam mai kula da shafin Hausa ya ce kowane ɗalibi na ajin ƙarshe ya rubuta labarin mutumin da ya fi amfana da shi a zaman duniya, na san da yawa daga cikinmu za su rubuta na malamansu, ko na iyayensu, ko na wani babban mutum wanda sunansa ya cika ƙasa. Ni ma da niyyar haka na ɗauki alƙalami. Amma duk inda na juya sai zuciyata ta komo kan wata tsohuwa mai injin niƙa a Gusau, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ba kuwa addininmu ɗaya da ita ba. Ni Musulmi ne, jikan liman, ita kuwa Kirista ce. Na faɗi wannan tun da fari don kada mai karatu ya yi ta lalube yana neman inda na dosa. Ban dosa ko'ina ba, sai faɗin abin da idona ya gani.

Mu mutanen ƙasar Bunguɗu ne, daga wani ɗan ƙauye da ba shi da nisa da gulbi. A daminar 1442 ta Hijira, watau 2021, muna tsakiyar maimai, 'yan bindiga suka zo bisa babura, uku uku, suka tarad da mahaifina a gona da shanun huɗa. Waɗanda suka hanga daga nesa sun ce bai yi musu gardama ba, igiyar ce dai bai saki da wuri ba. Muka binne shi da la'asar, kashegari muka ɗora abin da ya samu a bayan a-kori-kura, ni da mahaifiyata da ƙannena uku, muka bar gero yana bunni. Ba zan tsawaita a nan ba, gama ba mu kaɗai ba ne, kuma a cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda nasu ya fi namu zafi.

A Gusau wani ɗan'uwan mahaifiyata ya sama mana ɗaki guda a wani gidan haya a Sabon Gari. Wanda ya san Gusau ya san yadda unguwar nan ta samu. Tun da aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai baƙi suka yi ta zuwa saboda cinikin gyaɗa da auduga, Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Zariya, kowa da harshensa da wurin ibadarsa. Saboda haka mu mutanen ƙauye muka tashi da zaton duk Kiristan da ke ƙasar Zamfara baƙo ne. Da muka ji an ce maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙofa Kirista ce, sai na sa ido in ga baƙuwa. Sai ga wata tsohuwa baƙa, gajera, da tsagen gado a fuska, ta buɗe baki tana yi wa wani yaro faɗa a kan ya zubar mata da tsaki, da Hausar da ta fi tawa nuna. Kowa a gidan Inna ya ke ce mata, mu ma muka bi.

Daga baya na san asalinta. Ubanta Bamaguje ne daga gindin dutsen Kwatarkwashi, dutsen nan da matafiyi ke gani tsakanin Gusau da Tsafe, wanda a dā ya ke matattarar masu tsafi. Yana saurayi kuturta ta kama shi. A wajen 1937 ne hukuma ta miƙa wa 'yan mishan na SIM kula da mazaunan kutare na lardunan nan, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. Bayan an yi shekaru ana wannan aiki labari ya kai gare shi, ya taka da ƙafa har Amanawa. Can ya sami magani, ya koyi karatun boko, ya komo gida da guntayen yatsu da addinin da bai tafi da shi ba, da kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Littafin yana nan wurin Inna har yau, naɗe cikin tsumma, gefen takardunsa ya yi baƙi inda tsohon ya ke tura su da dungu. Danginsa suka ce ya bar hanyar kakanni, Musulmin gari kuma ba su ɗauke shi nasu ba. Inna ta ce mini, "Ni tun ina goye na san zaman saniyar ware."

Aka yi mata aure a Tsafe, mijin ya sami aiki a masaƙar Gusau suka ƙaura, ya yi aiki har aka rufe masaƙar, bai daɗe ba ya rasu. Cikin 'ya'yan da ta haifa biyu suka rayu, mace tana aure a Kaduna, da namiji, ɗan fari, direban motar haya. Sa'ad da aka yi shelar shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, aka fara aiki da ita a Janairu na 2000, tsoro ya kama Kiristoci da yawa, waɗansu suka kwashe kaya. 'Yarta ta aiko ta taho. Inna ta ce a gaya mata, wanda ya zo shi ke komawa, ita kuwa cibiyarta a Kwatarkwashi aka binne ta.

Kada mai karatu ya zaci zan zana masa wata waliyyiya. Inna tana da baki, kuma ba ta ajiye shi. In an yi layin ruwa ita ce mai ƙidaya wa mutane bokiti. Mahaifiyata da fari ta ja mu gefe ta ce kada wanda ya ci abincin ɗakin nan. Amma ran da muka sami tiya biyu ta masara daga masu rabon taimako, na kai niƙa, na miƙa kuɗi, sai Inna ta dubi kuɗin ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nan, mai da. Ku biya ran da kuka yi girbi." Ta san sarai ba mu da gonar da za mu girba. Ta faɗi haka ne don kada a ce sadaka ce, mu ji kunya.

Ba mu cika wata biyu a gidan ba nata ya same ta. A ƙarshen watan Agusta ɗanta ya ɗauko fasinja daga Funtuwa, aka tare hanya kusa da Tsafe, aka kora su daji, shi da waɗanda ba su iya gudu ba. Bayan kwana uku wayar Inna ta yi ƙara. Suka yanka kuɗin da ko an sayar da gidan hayar duka ba za a same su ba, aka yi ta ciniki kamar ana cinikin sa, wani dattijon cocinsu yana magana a madadinta, har aka tsaya a naira miliyan ɗaya da rabi. Inna ta sayar da injin. Aka yi shela a coci, zumuntar mata suka zazzage asusunsu, direbobin tasha, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suka zaga da hula. Kuɗi ya kusa cika ke nan, ran 3 ga Satumba, aka yanke layin waya a jihar duka, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, an kuma hana sayar da mai a jarka, don a toshe wa 'yan daji hanyar labari da ta guzuri. Mutane da yawa sun yi murna da haka, ni ma ina cikinsu. Amma ga Inna da kuɗi a ƙulle a bakin zane, ga waya a hannu ta zama kamar guntun katako.

A makon farkon nan mutane kan tafi har Funtuwa ko Zariya don su sami magana da danginsu. Inna ta ce za ta tafi, ko Allah ya sa su kira. Ba ta da namiji a gida, sai mahaifiyata, wadda ta hana mu cin abincinta, ta ce mini, "Tashi ka raka ta." Muka shiga mota. Wanda bai bi hanyar nan a shekarar nan ba, ba zai gane ba. Daga an wuce Kwatarkwashi sai hira ta mutu, kowa ya kama abin da ya iya, wannan yana jan tasbaha, wancan yana salati, Inna kuwa ta rufe ido leɓɓanta suna motsi. Da muka zo wani wuri mai kwari da duhuwa direba ya ce a hankali, "Nan ne," bai san uwar wanda aka ɗauka tana bayansa ba. Ta buɗe ido ta dubi dajin har muka wuce, ba ta ce kome ba. Muka kwana biyu a tashar Funtuwa, waya tana kan cinyarta, in batir ya yi ƙasa in ruga in kai caji in tsaya a kanta. Ba wanda ya kira. A rana ta uku ta ce, "Mu koma, uwarka tana can hankalinta a tashe."

Ran 1 ga Oktoba aka mai da waya a cikin Gusau. Gari ya ruɗe da kiraye-kiraye, ana ta barka. Wayar Inna ta yi ƙara sau da yawa, amma duk masu jaje ne.

A nan ne na ga abin da ban zata ba. Inna ta daina fita. Lahadi ta zo, matan zumunta suka biyo mata da anko, ta ce su tafi. Ta biyu haka, ta uku haka. Fasto ya zo da kansa, ya zauna a bakin ƙofa ya fara yi mata magana mai daɗi, sai muka ji ta ce, "Fasto, ka haifa, amma ba a ɗaukar maka ba. Tashi ka tafi, in na nemi wa'azi na san hanya." Bawan Allah ya tashi ya sa takalmi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, wani abu a zuciyata ya ce, to, ga ƙarshen bangaskiyar da a ke faɗi, ashe kowa haka ya ke in wuta ta kai gare shi.

Ɗakinmu da nata bango ɗaya ne, na jar ƙasa da aka shafe da siminti, sama kuwa ba rufi sai kwano. Wani dare barci ya ƙi ni, sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Inna ce ta ke addu'a, amma ba irin wadda na saba ji ba. Kamar mai ƙara a gaban alƙali, tana lissafa wa Ubangiji abin da ya wuce, yatsun ubanta, 'ya'yan da ta binne, mijinta, tana tambaya me ya rage kuma. Sa'an nan ta ambaci sunan ɗan nata. Duk Bahaushe ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma tun da muka zo gidan ban taɓa jin ta ce kome ba sai "yaron nan" ko "mai motar". A daren nan ta kira sunan sau uku, ta ce ga shi nan ta miƙa, in yana da rai a ba shi ruwa, in ba ya da rai a karɓe shi. Tun da ita ta ɓoye sunan shekara arba'in da wani abu, ba ni ne zan rubuta shi a takarda ba.

Lahadi ta huɗu ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta ɗauki littafin ubanta ta fita. Da ta komo na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, na zaci kin yi fushi da Allah." Ta ce, "Na yi mana. To, da wa zan yi fushi in ba da mai gida ba? Ai wanda ba ka sa rai gare shi ba, ba ka fushi da shi." Ta ce ai Ayuba ma bai yi shiru ba, ya yi ta magana har abokansa suka gaji da shi, amma bai juya baya ba. Na ce mu ma muna da labarin Annabi Ayuba, alaihissalamu, da shi a ke buga misalin haƙuri. Ta ce a wurinsu Almasihu da kansa ya sha azaba ya yi kuka, don haka in ta yi kuka ta san ba a gaban wanda bai san kuka ba ta ke yi. Na ce mata mu ba haka muka gaskata game da Annabi Isa ba. Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ka tambaye ni ne na gaya maka inda na dafa na tashi." Iyakar muhawarar addini da muka taɓa yi ke nan, ni da ita.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin. A watannin nan ni ba na cikin hankalina. Na gama sakandare, ba aiki, ba gona, kullum ina ganin mahaifiyata tana auna gari da ludayi. Na fara zama da waɗansu samari na ƙauyukanmu masu shirin shiga 'yan sa-kai. Ba na zagin 'yan sa-kai gaba ɗaya, akwai waɗanda suka tsaya a bakin garuruwansu suka ba da ransu don mata da yara su kwana lafiya. Amma ni ba tsaro na ke nufi ba, jini na ke nema, kuma a lokacin duk mai sanda da malafa ɗaya ne a idona. Na yi dako a kasuwa na tara kuɗi, na sayi bindiga ƙirar maƙera, na tura ta ƙarƙashin buhunan da mu ke kwana a kai.

Akwai wata Bafillatana mai tallar nono da ta saba shigowa gidan. Bayan abin da ya faru matan gida suka yi shawara ba mai ƙara sayen nononta, har waɗansu suna yi mata habaici. Inna kaɗai ke kiranta, ta shimfiɗa mata buhu, ta sayi na ɗari biyu, ta tambaye ta yara. Ran nan na kasa daurewa, bayan matar ta fita na ce, "Haba Inna, ke da aka yi wa wannan aiki?" Ta ce, "Wannan ce ta ɗaukar mini ɗa?" Na ce danginta ne. Ta ce, "Ran da aka kashe mutane a Talatar Mafara a 2016 a kan zargin saɓo, da na ce duk danginku ne, da na niƙa muku masara?" Na rasa ta cewa, na fita ina huci.

Labarin ɗanta ya zo a watan Disamba, ana sanyi. Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Tsafe ya yi sallama, ramamme, yana ɗingishi, ya ce shi direbobin tasha suka kwatanta wa gidan. Tare aka kama su, danginsa suka fanshe shi bayan wata uku da kwanaki. Ya zauna a tabarma ya janye ƙafar wando ya nuna mana tabon mari. Ya ce bibbiyu a ke ɗaure su, shi da direban ne a mari guda. Sarƙar gajera ce, in zai yi salla dole ɗayan ya miƙe tare da shi, ya sunkuya in ya sunkuya, kuma sau biyar a yini yaron bai taɓa yin tsaki ba. Har ya zama shi ke duban gabas ya taɓa shi ya ce, "Alhaji, lokaci ya yi." Da dare kuma ya kan yi waƙoƙinsu na coci a hankali. Alhajin ya ce akwai ran da ya yanke ƙauna ya daina cin ɗan tuwon da a ke jefa musu, yaron ya ce masa, "Alhaji, in ka mutu da wa za a ɗaure ni? Ci." Zazzaɓi da zawo suka kama direban a ƙarshen damina, ya yi kwana shida ya cika. Alhajin ya roƙi arziki aka ba shi fartanya ya haƙa rami. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ban san yadda ku ke yi wa naku ba. Na dai rufe shi da kyau, na sa ƙaya don kada namun daji su tona."

Duk gidan aka fashe da kuka. Inna ta yi shiru, can ta ce, "Ya sha ruwa kafin ya cika?" Ya ce, "Ya sha, ni na ba shi." Ta ce, "To, madalla." Sai ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban mutumin nan ta yi masa godiya, shi kuma yana cewa ta tashi, shi ne mai godiya. Ni kaɗai a wurin na san dalilin tambayar ruwan nan, gama ni na ji ta ta bango.

Bayan an share makoki ta kira ni ta ce in nemo littafin rubutu. Ta ce kuɗin fansa yana nan ba a taɓa ba, kuma ba nata ba ne, an ba da shi don a fanshi rai, ran kuwa ya riga ya tafi, saboda haka za ta mai da wa kowa nasa. Dattawan coci suka ce ta bari, ba wanda ke bin ta bashi. Ta ƙi. Muka zauna da sakataren coci da wani shugaban direbobi, na rubuta sunaye da abin da kowa ya bayar, shafi goma sha ɗaya. Muna cikin wannan, da mutane suka fita, sai ta tura mini littafin ta ce, "Akwai sauran wuri a ƙasa. Rubuta sunan wanda za ka harba da abin da ke ƙarƙashin buhu." Gabana ya faɗi. Na ce ban san sunansa ba. Ta ce, "Ka san fuskarsa?" Na ce ba na gona ran nan. Ta ce, "To, wa za ka harba?" Ba ta ƙara ba, ba ta kuma gaya wa mahaifiyata ba. Bindigar ta ƙara mako biyu a wurin, ina kwana a kanta ina juyi, sa'an nan na mai da wa maƙerin, ya ba ni rabin kuɗina.

Yawon mai da kuɗin nan ya ɗauke mu kusan wata guda, kuma shi ne makarantar da ta fi kowace koya mini. Muka bi Sabon Gari da Tudun Wada gida gida, muka je tasha, har Tsafe muka je wurin dangin mijinta. Na zaci za mu je a yi mata ta'aziyya ne, ashe ba gidan da ba shi da nasa. Nan an ɗauke miji, can an kashe ƙane a hanyar Ɗansadau, can yarinya ta komo daga daji ba ta magana. In suka ga Inna ta taho da ƙafarta, da kuɗi a hannu, sai bakinsu ya buɗe. Ba ta yi musu wa'azi, ba ta ce kada su yi kuka. Ta kan zauna ta ji, in Kiristoci ne su yi addu'a tare, in Musulmi ne ta ce Allah ya ji ƙansa, ya ba ku dangana, su ce amin. Wata gwauruwa a Tudun Wada, wadda aka ce ta yi wata biyu ba ta leƙa waje ba, ta rako mu har bakin titi. Wani direba ya ce shi ya ajiye tuƙi tun ran da aka tare hanyar, amma in uwar mamaci ta bi ta Tsafe sau huɗu, shi ba shi da hujja. Waɗansu suka karɓi kuɗinsu, don suna bukata, ba kuwa abin kunya ba ne. Da yawa suka rantse ba za su taɓa ba.

Na sha tunani a kan dalilin da ya sa ganinta ke ƙarfafa mutane haka. A Janairu na 2020, sa'ad da Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta Michika a jihar Adamawa, an ga hotonsa mai motsi yana magana a natse a hannun waɗanda suka kama shi, yana cewa bai karaya ba, kome yana hannun Allah, kafin su kashe shi a cikin watan. Kiristocin gidanmu suna da shi a wayoyinsu, sun kuwa ce ya ƙarfafa su ƙwarai, ban musa ba. Amma a ganina irin wannan jaruntaka, mutum ya kan dube ta ne kamar yadda ya ke duban dutsen Kwatarkwashi, ya yi mamaki ya wuce, bai sa ran hawa ba. Inna kuwa mun ga ta kori fasto, mun ga ta yi Lahadi uku a kwance, mun kuma ga ta tashi ta ɗaura zane. Da ba ta faɗi ba, da na ce ita daban aka halicce ta, ba ruwana. Da na ga ta faɗi kamar yadda na faɗi, sai tashinta ya zama tambaya a kaina. Ni da na haddace ayoyin haƙuri tun ina makarantar allo, sai da na ga abin a jikin wata tsohuwa wadda ba ta san alif ba, sa'an nan na koma na duba abin da ke cikin allona. Limamin unguwarmu, da na ba shi labari, ya ce ba abin mamaki ba ne, hikima ɓatacciyar dabbar mumini ce, duk inda ya gan ta ya kama.

Abin da ya ragu na waɗanda suka ƙi karɓa, dattawa suka ce wannan kam ba ta da yadda za ta yi da shi. Ta sayi wani tsohon inji, ba kamar na dā ba, mai yawan tari da hayaƙi. Sauran ta ƙulle a leda ta kai wa mahaifiyata, ta ce kuɗin shiga makarantar horon malamai ne na ɗan nan, tun da ya iya rubutu. Wani kawuna da ya ji ya zo takanas ya ce kada a karɓa, da haka su ke farawa, gobe sai a ga yaro a coci. Mahaifiyata, wadda ba ta saba ɗaga murya gaban maza ba, ta ce, "Yaya, wata shida muna bango ɗaya da matar nan. Da asuba in na makara ita ke buga mini bango in tashi salla. In kana da kuɗin ka kawo, in mai da mata nata." Kawu bai kawo ba. Na shiga makaranta a 2022, kuma har yau Inna ba ta taɓa ce mini in raka ta coci ba, ni ma ban taɓa ce mata ta bar nata ba, ko da ya ke kowannenmu ya san abin da ya ke roƙa wa ɗan'uwansa a ɓoye.

Ba na ɓoye muku, kuɗin nan yana da nauyi. Duk ran da na ji kasala ta kama ni a aji, sai in tuna da abin da aka tara shi dominsa.

Bara da aka raba mu gwajin koyarwa, sai sunana ya faɗo a wata firamare a Tsafe. Na je na gaya wa Inna, ina zaton za ta ce in nemi canji. Tana tsaye a bakin inji, gari ya yi mata fari fat har gira. Ta kashe injin don ta ji ni, ta ce, "Tsafe? To, ka bi motar safe, kada ka yi yamma a hanya. In ka sauka ka nemi rumfar Alhaji a kasuwar hatsi, ka ce ina gaishe shi, ina ƙafa." Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli biyu na ƙuli-ƙuli, ta ce ɗaya nawa ɗaya nasa, kada in haɗa in cinye. Sa'an nan ta juya ga yaran da ke layi da kwanoninsu ta ce wa na gaba ya matso, ta ja igiyar injin, sai a ja na uku ya tashi.